Hoton da Ya Kai Ummi Ƙauye

Ummi, jiya na ji 'ya'yan Talatu suna tsokanarki a bakin famfo, wai ke ce wadda aljanu suka leƙa aka gudu da ita ƙauye. Kika shigo kina tambayata ko gaskiya ne, na ce ki je ki wanke ƙafarki. Ban ba ki amsa ba don ke 'yar fari ce, kuma a gidanmu uwa ba ta zaunar da 'yar fari ta yi mata dogon zance. Amma abin ya tsaya min a rai. Shi ya sa zan rubuta miki da ɗan bokon da na samu kafin a cire ni, ki karanta in kin girma, ki karanta wa ƙaninki. In kin ga rubutun yana karkacewa, haka hannun uwarki yake.

Babanki ya kawo ni Enugu ina da ƙaramin cikinki, ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Gidan da ya kama mana ɗaki, wannan da muke ciki har yanzu a bayan kasuwar Ogbete, a lokacin ba a ɗora masa hawa na sama ba. An zuba siminti an bar shi haka, rodi a tsaitsaye, an jera bulo a gefe ya kai ƙugu, a nan matan gida suke shanya. In kika tsaya a kusurwar gabas kina hango babban titi har mararrabar da danja take. Ni mai fargaba ce tun ina gidanmu, amma a garin nan abin ya ƙaru. Ba na jin yarensu, mutanen nan kuwa ko gaisawa suke sai ki ɗauka faɗa ne, to duk muryar da ta ɗaga sai in firgita. Da na haife ki sai fargabar ta koma kanki da kan babanki. Ina tashi in kara yatsa a hancinki in ji ko kina numfashi, in kwanta, in sake tashi. Risho ni na kashe shi da hannuna, amma sai na koma na taɓa. Babanki keke yake ja, daga Ogbete zuwa Artisan zuwa duk inda fasinja ya ce, tun safe har bayan magariba, ni kuma tunda ya sa ƙafa ya fita nake jera masa hatsari iri-iri a raina. Da rana ta yi sanyi sai in goya ki in hau sama, wai zan kwashe shanya, ko da ban shanya komai ba, in tsaya ina kallon kekuna masu ruwan ɗorawa suna wucewa, duk iri ɗaya, ina cewa ga shi nan, a'a ba shi ba ne.

Da ya gaji da halina sai ya sayo min waya ta hannu a wurin wani ɗan garinsu, babba, fuskarta da tsaga a gefe, ya ce in na matsu in kira shi. Sai dai mai tuƙi ba ya ɗaga waya, in bai ɗaga ba kuma hankalina ya fi tashi, don haka ban daɗe ba na daina kiran. Abin da ya rage min a wayar shi ne hoto. Wani yammaci ina sama ina latse-latse, na faɗa wani wuri mai alamar jinjirin wata. Na danna, sai wata da'ira ta fara zagayawa a hankali, ba ta yi ƙyas ɗin da ta saba ba. Kika tsala kuka a bayana, na jingine wayar a jikin bulo, na sauko da ke na ba ki nono. Da na ɗauko wayar sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Titi yana nan, gidaje suna nan, sama ta yi shuɗi kamar zanin da aka tsamo daga marina, amma babu mota ko ɗaya. Inda motocin suka bi wasu zarurruka ne na wuta a miƙe, ja a hannun masu tafiya, fari a hannun masu zuwa, daga mararraba har inda idona ya ƙare.

Babu wanda ya koya min, da kaina na riƙa ganewa. Na gane wayar ba ta son a taɓa ta in da'irar nan tana zagayawa, ko numfashina ya girgiza ta komai sai ya dagule, don haka nake hawa da mudun shinkafa in tsoma gindinta a ciki, ta tsaya ƙyam. Na gane lokacin ɗan kaɗan ne, daga faɗuwar rana zuwa kiran salla; kafin nan haske ya yi yawa wutar ba ta fita, bayan nan sama ta yi baƙi hoton ya zama ba daɗi. Na gane zaren kowa daban. Tirela tana barin mai kauri da ɗigon rawaya a sama, keke mai fitila ɗaya siririn zare yake bari, yana lanƙwasa duk inda ya kauce wa rami. In danja ta tsayar da su babu abin da ake samu sai tarin ja wuri ɗaya, dole ki danna dab da za a sake su. Daga sama ba na ganin fuskar danjar sosai, amma na lura masu tallan ruwa da gyaɗa suna ja da baya daga tsakanin motoci kafin a ba da hannu, to da na ga sun fara tsallakawa gefe sai in danna. Ranar Litinin kam ba na wahalar da kaina, ranar zaman gida ce a garin nan, titi wayam yake. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ɗan lokacin nan da nake jiran da'irar ta cika, hannuna a naɗe, shi kaɗai ne a yini da ba na tunanin za a kawo min mugun labari.

Talatu, maƙwabciyarmu mai masa, haihuwar garin nan ce, ba ta ganin abu ta yi shiru. Ta hawo kwashe kayanta ta tarar da ni durƙushe gaban mudu.

"Maman Ummi, biko, don Allah me kike ɗauka a nan kullum? Gosulo?"

"Wuta nake ɗauka."

"Wutar da ba a kawo mana a gida, kin zo kina ɗaukar ta mutane a titi. Mu gani." Ta karɓa ta juya ta sama ta juya ta ƙasa. "Ke, wannan ai taliya ce da manja. Ya yi kyau fa, wallahi. Amma ki riƙa sauke yarinyar nan da wuri. Ni da Inyamuranci na fara magana, amma ko uwata ba ta barin mu waje da almuru."

Na san haka. Ni ma da shi na tashi: rana na faɗuwa a kwashe yara a shigar ɗaki, a rufe musu kai, don lokacin ne mutanen ɓoye suke fitowa. Ina sa miki hula, ina tofa miki addu'a, ina sauka da an ce Allahu akbar. Amma ba ni da wanda zan bar wa ke, ba na kuma iya barin hawan.

Haka muka yi har kika fara tafiya, kika kusa isa yaye. Ranar da abin ya faru na sauke ki kina wasa da murfin kwano. Na danna, na naɗe hannu, sai kika taso kika tsaya a gaban wayar kina leƙen titi ta ramin bulo, jim kaɗan kika juya kika koma wurin murfinki. Da hoton ya fito, ga ki nan tsaye da hularki, amma ana ganin bulo ta cikin jikinki, jan zaren wuta kuma ya shiga ta ƙirjinki ya fita ta baya. Ban san lokacin da na sure ki na sauko ba. Na tuɓe ki na duba ko'ina, lafiyarki lau, kina ta dariya kin ɗauka wanka ne. Da babanki ya dawo na nuna masa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Motsi ta yi, Rabi. Ta tsaya kaɗan ta tafi, wayar ta ɗauki rabinta ta ɗauki abin da ke bayanta. Shi ke nan fa."

Na yarda da shi, don na sha ganin mai tsallaka titi ya fito kamar hayaƙi. Da a nan ya tsaya da an wuce wurin. Sai ya tura hoton zauren 'yan gidansu na waya, wai a zo a ga Ummi ta zama gilashi. Ƙanwarsa kuma ta kai wa Inna, kakarki wadda kika ci sunanta, har ɗaki.

Inna ba ta taɓa zuwa kudu ba, ko sunanki ba ta zo ba saboda ciwon gwiwa. Sai ga ta a motar dare ba sanarwa, ƙafa a kumbure, da ƙullin kuka da daddawa, da jarkar rubutu, da garin hayaƙi a leda. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a miƙo mata takwararta. Ta ɗaga rigarki ta shafa ƙirjinki, ta juya ki ta shafa baya, sannan ta dube ni.

"Rabi, da magariba kike hawa da ita saman soro?"

"Kafin a kira ne, Inna."

"Kafin a kira. Su kuma ce miki aka yi ladan suke jira?"

Na sunkuyar da kai. Babanki ya fara bayanin motsi da waya, ta ɗaga masa hannu.

"Kai rufe min baki, kai da ka ga wuta ta ratsa 'yarka ka hau dariya. Yarinya ta isa yaye, da ita zan koma. Can za ta zauna cikin 'yan uwanta, in ta isa allo a sa ta. Ku kuma Allah ya kawo wani."

Ummi, ki fahimci wannan wurin, don a nan mutane suke cewa ban damu ba. Uwa ba ta jayayya a kan 'yar fari. Ko sunanta ba ta kira, ko a gaban mutane ta faɗi ba ta rugawa, balle ta buɗe baki ta ce wa uwar mijinta ba za ta bayar ba. Abin kunya ne da za a riƙa faɗa har jikoki. Na ce to, Inna, Allah ya saka da alheri, na shiga madafa na tsaya ina kallon tukunyar da babu komai a ciki. Da na samu babanki shi kaɗai na roƙe shi ya yi magana, ya kasa haɗa ido da ni.

"Inna ce fa, Rabi. Me zan ce mata? Ni ma a hannun kakata na tashi, ga ni nan ban mutu ba."

Inna ta zauna 'yan kwanaki ƙafarta ta saɓe. Kullum ki sha rubutu, kullum a turara miki hayaƙi har Talatu ta riƙa leƙowa tana tambaya ko kifi muke banda. Inna ba ta ƙara min faɗa ba, ido kawai take bi na da shi. Ana gobe za ku tafi, da la'asar sakaliya, na je na durƙusa a gabanta na ce ina roƙon alfarma ɗaya, su hau sama da ni su ga yadda abin yake da idonsu, kafin a kira salla mun sauko. Dabarata ita ce in nuna mata duk wanda ya tsaya cik yana fita sosai, wanda ya motsa ne yake zama hayaƙi, in ta gani ta san babu abin da ya taɓa ki. Sai ta ce a ɗauko hularki.

Ta hau da ƙyar, tana dafa bango tana ambaton Allah a kowace matakala. Da ta kai ta tsaya tana kallon titin.

"Duk waɗannan ina za su?"

"Gida, Inna."

Na tsayar da ita a kusurwa tana riƙe da ke, na ce kada su motsa sai na ce. Inna mace ce da in ta tsaya kamar an dasa ta. Ke ma kika kwantar da kai a kafaɗarta kika yi lamo. Masu talla suka tsallaka, na danna. Hoton ya fito tsaf, har zanen fuskarta ana gani, ke ma ga ki nan cikakkiya, wutar tana bi ta bayanku ba ta taɓa kowa ba. Na miƙa mata da murna. Ta kai shi kusa da ido ta gyaɗa kai.

"To kin gani. A hannuna ga ta nan garau."

Ni da na kawo ta don in ƙwaci kaina, na ba ta hujja da hannuna.

"Inna, ba hannu ba ne, tsayuwa ce. Ku ba ni ita ku gani, ni ma haka za ta fito."

Na nuna mata inda za ta danna, ta ce in ta fashe ba ruwanta. Na karɓe ki na tsaya inda ta tsaya, na ce wa kaina Rabi, ko tsawa za ta faɗo kada ki motsa. A ganina ban motsa ba. Amma da muka duba, kaina biyu ne, kafaɗata ta narke, ke kuma kin zama wani farin abu a ƙirjina, wuta tana ratsa mu duka. Ashe jijjiga ki nake ban sani ba, ashe duk keken da ya yi oda sai na waiga titi. Inna ta daɗe tana kallo. Ina jiran ta ce ga shi nan, har uwar sun kama. Sai na ji ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"To, ai ke ma babu ke."

Ladan ya kira, muka sauko. Bayan mun idar, babanki bai dawo ba, Inna tana zaune a kan sallaya ta ce in matso.

"Tun da na zo nake kallonki. Ban ga kin cinye tuwo a zaune ba. Ina jin ki ki tashi ki taɓa hancin yarinya, ki taɓa ƙofa, ki taɓa risho, ki koma hancin yarinya. Wuyanki duk ya fito. Ita ma in kin ɗauke ta ba ta sakin jiki, don ƙirjinki dukan ganga yake. Ni ban sani ba ko iska ce ko ba iska ba, rubutu dai sai ta shanye shi. Amma yanzu na ga wadda ya kamata a karɓar wa kaya."

A nan na yi abin da ba a yi. Na fashe da kuka na ce, "Inna, ita kaɗai gare ni a garin nan." Ta kawar da kai gefe, ta ji min kunya, ta bar ni na yi mai isata.

"Na janye maganar zama," in ji ta. "Yaye kawai. In an yi girbi ku zo ku ɗauki abarku. In kuma kin ce a'a, gobe in hau mota ni kaɗai, ba zan riƙe ki a rai ba, ba kuma wanda zai ji daga bakina. Ki yi shawara da zuciyarki."

Wannan shi ne abin da nake so ki sani. Ba ƙwace ki aka yi ba. Da safe ni na haɗa kayanki, ni na ɗora ki a bayan Inna a tasha, ni na ja majanyi na ɗaure. Na yi ne don na ga yadda kika kwanta a kafaɗarta, na kuma ga yadda kika fito a hannuna.

Ba zan ce miki da sauƙi ba ne. Nono ya cika ya yi tauri har zazzaɓi, Talatu ce ta ɗaure min ƙirji da zani tana zagina wai na cika taurin kai da ban ce a'a ba. Na riƙa tashi in miƙa yatsa inda kike kwanciya in taɓa katifa. Amma a hankali barci ya fara zuwa, irin wanda na manta da shi. Talatu ta ja ni wurin masarta ina juya mata, a nan na koyi gaisuwar mutanen gari, na fara bambance faɗa da ciniki. Ina hawa sama har lokacin da muduna, ni kaɗai, in sauko kafin ladan ya kai ƙarshe. Fargabar ba ta tafi ba, har yau tana nan, kin san ni, amma ta rage min wurin da zan sa ƙafa.

Da aka yi girbi muka hau mota. Mun isa da hantsi, kina tsakar gida kina ɓarar gyaɗa a faifai, kin yi baƙi kin yi ƙiba, an yi miki kitso ƙanana. Kika ɗago kika gan ni, kika tashi da gudu kika ɓuya a bayan zanin Inna.

"Inna, wace ce?"

"Baƙuwa ce daga kudu. Je ki gaishe ta ko ta ba ki tsaraba."

Kika maƙale kafaɗa. Na yunƙura zan cafko ki, Inna ta dube ni.

"Zauna, Rabi."

Na zauna a tabarma na ɗora hannuwa a gwiwa. Ban kira ki ba, ban miƙo hannu ba. Aka kawo fura na sha, aka gaisa da mutanen gida, inuwa ta matsa ta bar ƙafata a rana ban gyara ba. Kina leƙe ta bayan turmi. Can kika zo kika ajiye ɓawon gyaɗa a kan ƙafata kika ruga. Kika dawo kika taɓa ɗan kunnena, kika leƙa fuskata kamar mai neman wani abu, kika sake tafiya. Karo na uku da faifanki kika zo, kika juya min baya, kika zauna a cinyata kamar kin samu kujera, kika jingina kanki a ƙirjina kika ci gaba da ɓarar gyaɗarki.

Inna tana bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba.

"Kada ki motsa."

Ban motsa ba har kika yi barci.